Yadda Na Kai Kafireto Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A bakin masallaci a tare ni, a gona a tare ni. Ko a ajinmu na yaƙi da jahilci, inda muke matsuwa a bencin yara bayan la'asar, Malam Nura sai ya ajiye alli ya ce, "To Haladu, wai yaya can ɗin take?" Na ba da labarin har ya fara canza kama a bakin mutane. Shekaranjiya a wurin mai shayi na ji wani yana rantsuwa wai a kan raƙumi na tsallaka iyaka. Shi ya sa na ce gara in rubuta shi sau ɗaya, tun da yanzu hannuna yana yi, ko da yake a hankali. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda. Wanda bai iya karantawa ba, akwai sauran wuri a bencinmu.

Sai na fara da motar, don ita ta aike ni. Akori-kura ce fara, ko in ce da can fara ce, mahaifinmu ya bar mana ita ni da ƙanena Sale. Ta girmi Sale. Shekara ashirin da biyu ina jan ta daga ƙauyenmu na gefen Makoda zuwa kasuwar Ɗambatta duk ranar Lahadi, da gero da dawa da gyaɗa da awaki da masu awakin. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta. Murfin tankin mai ya faɗi a hanya tun shekarar da aka yi wa Sale aure, na toshe bakin da totuwar masara, duk kaka kuma ina sa sabuwa. Ban da waɗannan, lafiyarta ƙalau har zuwa daminar bana.

A daminar ne ta fara shaƙewa. In na taka totur sai ta yi tari, ta yi aman baƙin hayaƙi. In na ɗaga ƙafa sai ta mutu. Mai kuwa kamar a ƙasa nake zubawa. Garba makanike na Ɗambatta ya ce kafireto ne, wato ƙarfen nan da ke zaune a kan inji yana gauraya mai da iska kafin inji ya sha. Ya wanke shi, ta yi kwana uku ta koma. Ya sake wankewa, ta yi kwana biyu.

Sale birkila ne a Rijiyar Zaki, wajen sabuwar jami'a, ya saba da ganin sababbin abubuwa. Ya ce, "Yaya, zamanin wanke-wanke ya wuce. Abu in ya mutu a binne shi a sa sabo." Bai tsaya a magana ba, ya sayo sabon kafireto a kwalinsa, yana ƙyalli kamar kwanon amarya. Garba ya ɗora. Motar ta yi kwana tara tana tafiya kamar ta manta shekarunta. Rana ta goma ta mutu a hawan rafin da ke kafin Ɗambatta, da buhu goma sha biyu a bayanta da mata biyar. Matan ne suka tura.

Da yamma muka zauna gaban Inna, mahaifiyarmu. Sale ya ce, "An wanke tsoho bai yi ba, na sa sabo bai yi ba. To ba kafireto ba ne, motar ce ta ƙare. A kira 'yan gwangwan su auna ƙarfenta, a ba ni rabona in haɗa in sayi adaidaita-sahu."

Ban ga laifinsa ba. 'Ya'yansa huɗu, gidan haya yake, bayansa kuma ya fara ciwo da ɗaukar bulo. Amma ni gonata ba ta kai mu wata shida. Sauran wata shidan motar nan ce take cika mana tukunya, ban kuma iya wata sana'a ba.

Inna ta saurare mu har muka gama, sannan ta ce, "Na ba ta Lahadi uku. In ta kai gyaɗar bana Ɗambatta da ƙafarta, ta dawo da ƙafarta, ba wanda ya sa mata hannu, a bar ta. In ba haka ba a sayar, in huta da ku."

Lahadin farko ta wuce ina wurin Garba. Ta biyu ta wuce ina wurin Garba. Ranar Litinin na shiga Kano, na je Rijiyar Zaki wurin Alhaji Modu, wanda ya sayar wa Sale da sabon. Kakanninsa daga Barno suka zo, amma shi a Kano aka haife shi, ya fi ni iya ciniki da Hausa. Na gaya masa komai.

Ya ce, "Malam Haladu, ni ɗan kasuwa ne. In wani sabon kake so, ga su can a kanta, zan sayar maka ko da goma ne. Amma ina tsohon?"

"Yana ƙarƙashin gadona."

"To ka ɗauko shi, ka haɗa da sabon, ka kai wa surukina Baba Kyari a Damagaram. A can irin motarka har yau amare ne. In ya ce a gyara, a gyara. In ya ce a yar, kada ka waiwaya."

Na ce, "Ba shi da waya ne, Alhaji?"

"Yana da ita. Ba ya ɗauka."

Ya yi mini kwatance, na rubuta a littafina na makaranta. Ban taɓa fita daga ƙasar nan ba. Iyakata Kano ta kudu, Kazaure ta arewa.

Ranar Talata bayan asuba mai ɗakina Hinde ta naɗe kafireto biyun a tsohon zanenta, ta sa a jakar bakko, ta ɗora mini ƙuli-ƙuli a kai. Na hau babur zuwa Ɗambatta, na shiga motar Daura. Direba ya ce a sa jakar a but, na ce a'a, a cinyata za ta zauna. Kafin mu kai Kazaure warin fetur ya cika motar. Wata Hajiya da ke gefena ta ja mayafi ta toshe hanci.

Ta ce, "Malam, don Allah me ka ɗauko haka? Ka hana mutane numfashi."

Na ba ta haƙuri, na ce ƙarfen motata ne da ba ta da lafiya. Ita kuwa daddawa ce cike da kwandon da ke tsakanin ƙafafunta. Muka tafi a haka har Daura, ni da warina ita da nata, taga kuma ba ta buɗuwa. Da za mu rabu ta ce Allah ya ba mai jiki lafiya, ta ba ni daddawa ƙwaya uku, na ba ta ƙuli-ƙuli.

A tashar Daura na sami motar Damagaram da mutum biyar a ciki. Na yi murna, na ce saura kaɗan ta cika. Na shiga na zauna. Wani fasinja ya zo, ɗaya daga cikin biyar ɗin ya fita. Wani ya zo, wani ya fita. Na tambayi na kusa da ni ina za shi, ya ce gida, in an tashi daga aiki. Ashe aikinsu ke nan, su zauna a mota don baƙo ya ga kamar ta kusa cika. Awa uku muka yi. Na yi tunanin shekarun da na yi ina rantse wa mutane a Ɗambatta cewa saura mutum ɗaya mu tashi, na ga ba ni da bakin magana.

Azahar ta yi mana a Kwangwalam, bakin iyaka. Ni da ina tsammanin zan ga katanga. Igiya ce a gicciye da tsummoki a jikinta, sai rumfa da benci. Aka ce kowa ya sauko da kayansa da katin shaidarsa. Wani ma'aikaci mai kaki ya buɗe jakata, ya ɗaga ƙuli-ƙulin, ya warware zanen Hinde a gaban jama'a.

"Baba, mene ne wannan?"

"Kafireto ne, ranka ya daɗe."

"Ina motar?"

"Tana gida, ba ta da lafiya."

"Shi ne ka bar ta ka ɗauko wannan?"

"Nan ne wurin ciwon."

Ya dube ni, ya dubi ƙarfen, ya naɗe shi da kansa. Sannan ya buɗe wani babban littafi, ya turo mini tawadar dangwale. Na ce ya ara mini biro. Na sunkuya na fara rubuta sunana. Layi ya taru a bayana, wani ya ce, "Malam, wasiƙa kake rubuta wa gida?" Ma'aikacin ya ce, "Ku bar shi ya gama." Na gama.

A ɗaya gefen jandarma ne, haka suke kiran nasu. Na shirya jin wani yare, sai na ji Hausa garau, sai dai shi fetur isansi yake ce masa. Ya ɗauki tsohon kafireton ya jinjina shi a tafin hannu, ya ce, "Wannan na asali ne. Da irinsa babana ya yi ta kai mutane Agadas." Ya ɗauki sabon, ya juya shi, ya mayar da shi cikin zane.

Masu tambayata yadda ƙasar take, gero ne da gawo, irin namu. Bambancin kawai su suna da fili. A wajenmu gona tana ƙarewa wata ta fara, in ka yi atishawa a ƙauyenku mutanen ƙauyen gaba ne za su amsa maka. A can sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga kowa ba sai amalanken shanu. A Matamaye muka tsaya, na sayi burodi. Nasu dogo ne siriri kamar sandar makiyayi, ga tauri a baya. Ba a sa shi a leda, a hammata ake saƙale shi. Na karya nawa uku don ya shiga aljihu, mai burodin ya kawar da kai kamar na yi abin kunya.

Dab da magariba muka shiga Damagaram. Na bi kwatancen da ke littafina, na sami garejin ba tare da na ɓace ba sai sau ɗaya. Fili ne mai katangar ƙasa da bishiyar darbejiya a tsakiya, ga akori-kura irin tawa a jere har bakwai, wasu da ƙafa wasu a kan duwatsu. Sai na ji kamar na shiga gidan dangi. Baba Kyari yana kan tabarma, tsoho siriri, tabarau ɗinsa ɗaure da zare, farar rigarsa ko ɗigon baƙin mai babu.

Na yi sallama, na durƙusa, na ce Alhaji Modu ne ya aiko ni daga Kano.

Ya ɗaga murya ya ce wa maƙwabtansa, mai walda da mai shayi, "Bakano ya sauka, kowa ya riƙe aljihunsa." Na san akwai wasa tsakaninmu da mutanen Damagaram, na ce, "Baba, na duba garin tun daga tasha, ban ga abin ɗauka ba." Ya yi dariya, ya ce in zauna. Na fara kwance zane, ya ɗaga hannu.

"Mayar. Ba na buɗe kafireto sai da hasken safiya."

Na ce, "Baba, Lahadi ce wa'adina." Na gaya masa hukuncin Inna.

Ya ce, "Yau Talata."

Aka kawo tuwon gero da miyar kuka daga gidansa. Na ɗan ji ba daɗi, a ce mutum ya yi tafiyar yini guda, ya tsallaka ƙasa, ya tarar da abin da ya baro. Masaukina kuwa bayan wata akori-kura ce marar ƙafa, aka shimfiɗa mini tabarma aka ɗaura gidan sauro a ƙarafunan. Shekara ashirin da biyu ina jan irinta ban san tana da daɗin kwana ba.

Da safe mai shayi ya miƙo mini wani ɗan kofi, tsawonsa bai kai babban yatsana ba. Na kurɓe a baki ɗaya, ɗaci ya kama ni har kunne. Na yi godiya na miƙe. Suka ce in zauna, ai wannan na farko ne, akwai na biyu da na uku, kuma ba a tashi a tsakani. A wajenmu shayi kofi ɗaya ne babba, ka sha ka kama gabanka. A can shayin kaɗan ne, zaman ne mai yawa.

Sai da aka sha na uku Baba Kyari ya ɗauko wani babban faranti ya shimfiɗa farin ƙyalle a kai. Ya miƙo mini sukundireba.

Na ce, "Ni zan kwance?"

"Ni ba na yi wa mutum gyara, sai dai in yi tare da shi. In na gyara maka ka koma Kano ya sake toshewa, sai ka sake tsallako ƙasa ka zo ka cinye mini tuwo?"

Ƙa'idarsa ita ce duk abin da aka cire a ajiye shi a kan ƙyallen a jere, daga hagu zuwa dama, in an zo mayarwa a faro daga dama. Garba namu shi kwano ɗaya yake zuba komai a ciki da fetur, in ya gama haɗawa kuma ba a rasa sukuru ɗaya da ya rage, sai ya ce ƙari ne daga kamfani ya jefa a aljihu. Na buɗe littafina, duk abin da na cire in sa masa lamba in rubuta kamanninsa. Baba Kyari ya leƙa ya ce rubutuna ya fi na likita.

Da muka raba tsohon gida biyu, ya ɗauko wani gilashin taga ya kifa gangar jikin a kai, ya danna kowace kusurwa. Ba ta motsa ba. Ya kama sandar da totur ke juyawa ya girgiza ta, ba ta yi lilo ba. Ya ɗauki wata 'yar kwalbar tagulla da ke iyo a cikin mai, ya kaɗa ta a kunnensa, shiru, mai bai shige ta ba.

Ya ce, "Rubuta wannan, Bakano. In jikin ya tsage, ko ya karkace, ko ramin sandar nan ya cinye har iska tana shiga ta gefe, kada ka wahalar da kanka, sayi wani. Ko ni ba na gyara wannan. Amma in jiki lafiya, duk sauran abin da ke ciki ana wankewa ko a canza. Naka jikinsa ya fi nawa lafiya."

Na ji sanyi a raina. Bai daɗe ba.

Ya ɗauki jet, wato 'yan sukurorin tagulla masu huda a tsakiya inda mai yake bi, ya ɗaga ɗaya saitin rana ya kanne ido.

"Wa yake soka waya a nan?"

Na ce, "Ni ne, in ya toshe a hanya. Wayar birkin keke."

"Hudar nan masu ilimi ne suka auna ta. Kai ka mayar da ita ƙofar gari. Shi ya sa take shan isansi kamar raƙumi." Ya jawo wani gwangwanin madara cike da tsofaffin jet, ya tona ya zaɓo biyu. "Daga yau hurawa ake yi. Baki gare ka."

Sannan ya karkata kwanon kafireton, inda mai yake taruwa, ya kwankwasa shi a kan ƙyallen. Wata jar laka ta zubo. Ya bar ta ta sha iska, ya murza a yatsu, ya sansana. Ya daɗe yana murzawa.

"Masara kuke nomawa?"

"Kaɗan, a bayan gida."

"A cikin tanki fa?"

Ban gane ba. Ya ce in buɗe sabon. Na buɗe, na kwankwasa. Laka iri ɗaya, har da 'yan ɓarɓashi farare.

"Da me kake rufe tankin motarka?"

"Da totuwa."

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha ɗaya. Amma ina canza ta duk kaka."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya kira mai walda da mai shayi, ya ce su bar abin da suke yi su zo. Da suka zo ya ce in maimaita. Na maimaita. Mai walda ya ce, "Duk kaka?" Na ce duk kaka. Mai shayi ya ce ai ko ba komai mutumin yana da tsari.

Baba Kyari ya ce, "To ina filta? Ai akwai matata tsakanin tanki da kafireto."

"Garba ya cire ta bara, ya haɗa tiyo kai tsaye. Yawan toshewa take yi."

"Toshewar ai ita ce aikinta."

Sai a lokacin abin ya haɗu a kaina. Totuwa tana jiƙa da fetur, mota tana girgiza a hanya, tana marmashewa tana zuba ciki. Shekara goma filta tana tarewa, muka ga ta dame mu muka cire ta. Ba tsohon ne ya gaza ba, ba sabon ne ya gaza ba, ba kuma motar ce ta ƙare ba. A garinmu kowa da totuwa yake toshe abu, tulu da jarka da injin ban-ruwa, ban taɓa jin wanda ya ce wani abu ba.

Ina cikin wannan tunani rana ta take tsaka. Baba Kyari ya ja wani ƙyalle ya rufe farantin, ya miƙe a tabarma ya ɗora hula a fuska. Mai walda ya kashe wuta. Na leƙa titi, duk an rufe shaguna. Na ce, "Baba, lafiya?" Daga ƙarƙashin hula ya ce, "Sai la'asar." Haka suke yi kullum, gari guda. A Ɗambatta makanike yana ƙarƙashin mota yake cin abincin rana, hannu ɗaya a kwano ɗaya a sifana. Na sayi dambun zogale wurin wata mata da ita ma take shirin tashi, na zauna ina gadin farantin, don akwai wata kaza da ta sa wa jet ɗina ido. Na ƙirga kwanaki a yatsa. Laraba ce.

Bayan la'asar muka wanke komai da fetur mai tsabta, na hura kowace huda har kaina ya yi jiri. Muka faro daga dama, ina karanto lamba yana miƙo mini. Da muka zo rufe kwanon sai ya tsaya. Fakin, wato siririn kwalin da ake sawa tsakanin ƙarfe biyu don kada mai ya tsiyaya, ya riga ya rududduge. Ya ce an daina kawo irinsa, yankawa ake yi. Ya taɓa kwalin shayi, ya ce ya yi laushi. Ya taɓa kwalin sabulu, ya ce akwai leda a jikinsa. Sai na ga yana kallon littafina.

Na ce, "Baba, a bangon nan sunana yake. Shi ne na farko da na rubuta da hannuna."

Ya murza bangon tsakanin yatsu biyu, ya ce, "Kaurinsa daidai."

Na yage na ba shi. Ya ɗora a bakin kwanon, ya bi gefe-gefe da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa a hankali har kwalin ya yanke kansa. Rabin sunana ya tafi cikin fakin, rabin ya faɗi ƙasa, na tsince na sa a aljihu. Muka ɗaure. Ba sukurun da ya rage.

Ya sa aka cire kafireton wata mota mai ƙafa a filin, aka ɗora nawa. Ya nuna mini sukurun da ake daidaita mai da shi, ya ce in murɗa shi ciki a hankali har ya tsaya, in dawo da shi zagaye biyu da rabi, sauran kuma kunne ne. Aka murza makulli. Ta tashi, ta tsaya a silo tana numfashi a hankali. Mai shayi ya ɗora ɗan kofinsa a kan bonet, shayin bai zube ba.

Sabon ma muka wanke shi. Baba Kyari ya ce, "Ƙarfensa sakayau ne, ba zai yi shekarun wancan ba, in ya cinye kuma ba ya karɓar gyara. Amma yanzu ba abin da ya same shi. Ka gaya wa ƙanenka bai yi asara ba, a ajiye shi don wata rana." Sannan ya je jikin motar da na kwana a ciki, ya kwance murfin tankinta ya ba ni, ya haɗa mini da filta biyu. "Ka sauke tanki ka wanke kafin ka ɗora komai. In ba ka yi ba, kada ka ce ka san ni."

Ranar Alhamis na juyo. A Kwangwalam na tarar da ma'aikacin nan, ya ga jakar ya ce, "Baba, yaya mai jiki?" Na ce da sauƙi, an sallame mu. Wannan karon da kansa ya miƙo biro.

Juma'a bayan masallaci ni da Garba muka sauke tankin. Abin da ya fito ya kusa cika kwanon sha. Kajin Inna suka zo suka duba, suka fasa. Na ba Garba filta na ce a mayar da ita wurinta, ya ce shi ma dama ya so ya faɗi haka. Asabar na ɗora tsohon kafireton da hannuna, littafi a buɗe a kan batir. Da yamma Sale ya iso daga Kano, na gaya masa gaskiya duka, har da cewa kayansa ba su da laifi.

Ya ce, "Totuwa?"

"Totuwa."

"Yaya, wato sai da ka je wata ƙasa aka gaya maka ka rufe tanki?"

Na ce, "Da murfi."

Ranar Lahadi da safe Sale ya zo da wani ɗan gwangwan mai suna Ɗan'azumi, don kada a yi wahalar nemansa daga baya. Mutumin ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta da ɗan yatsa yana gyaɗa kai, kamar mahauci a kasuwar shanu. Inna ta sa aka fito mata da kujera ƙofar gida. Muka loda gyaɗa buhu goma sha huɗu. Sale ya shiga gaba, Ɗan'azumi ya hau kan buhuna a matsayin shaida. Na ɗaure ƙofata, na yi bisimilla, na murza. Ta tashi.

Muka iso hawan rafin nan. Na sa giya ta biyu, na taka. Sale ya dafe gaban motar da hannu biyu. Ta shiga yashin, ta yi nishi, ta haye. Da muka hau kwalta na ƙara giya, na sake ƙarawa. Sale ya dubi hannuna ya ce, "Yaya, ashe tana da ta huɗu?"

Muka sauke gyaɗa, muka ɗauko gishiri da taki da mata shida, biyu daga cikinsu suna cikin waɗanda suka tura wancan karon, sai da na rantse musu kafin su hau. La'asar sakaliya muka tsaya a ƙofar gida. Inna tana nan a kujerarta, ban sani ba ko ta tashi a tsakani.

Ta ce, "Wa ya tura?"

Ɗan'azumi ya diro yana kaɗe riga, ya ce, "Ba wanda ya tura, Inna. Ni kam na so a tura."

Inna ta dubi Sale. Shi kuma ya dubi murfin tankin, sannan ya ce, "A bar ta ta ga baɗi." Bai ce ya fasa adaidaita ba, ni ma ban ce ya fasa ba. Sabon kafireton yana bayan kujerata a cikin zanen Hinde, Sale ya ce nasa ne, ajiya ya ba ni.

Ranar Litinin na koma aji. Malam Nura yana bin benci yana duba aikin gida, ya zo kaina ya ɗaga littafina da yatsa biyu, shafin farko duk tabon baƙin mai.

Ya ce, "Malam Haladu, manya da ku? Ina bangon littafinka?"

Na ce, "Yana cikin mota, Malam. Jiya ma ya je Ɗambatta ya dawo."